Yadda Sabi'u Ya Auna Kano da Ƙafa

Sabi'u ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne autanmu. Shekara tara na ba shi. Ni na goye shi, ni na yi masa tsarki yana ƙarami, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da hurumin faɗa, kada wani ya je ya ce masa Furera ta ci mutuncinsa a rubuce. Yau sati biyu ke nan ina cikin murnar da ban san inda zan sa kaina ba. Amma ko a cikin murnar, da na tuna abin da yaron nan ya yi mana a Kano sai in ji raina ya tashi. Na ce yaro, shekararsa talatin da huɗu fa, da mata da 'ya'ya uku.

A Burumburum aka haife shi, a rugarmu ta bayan gari, shekarar da Baffanmu ya gaji da yawon kiwo ya kama gona. Mu Fulani ne, sai dai Hausa ta fi zama a bakinmu. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin shanu, in ciyawa ta yi wuya har gefen dajin Falgore suke kaiwa su dawo. A can ya ɗauko ciwon da yake damunmu har yau. Shi a wurinsa babu wuri mai nisa. Ka tambaye shi ko'ina, zai ce maka, "Nan ne."

Wani direban motar taki ya taɓa tambayarsa hanyar wani ƙauye, ya ce masa nan ne, bayan tsamiya. Bawan Allah sai da mansa ya kusa ƙarewa bai ga tsamiyar ba.

Kada ku ɗauka marowaci ne. Wallahi ba marowaci ba ne. In ya yi girbin masara, kafin ya zuba a rumbu ya aika wa gwaggonninmu nasu, ni ma har Doguwa inda nake aure ake kawo min buhuna. Rumfar makarantar allo ta Malam Abdulmalik shi ya rufe ta da kwano, bai gaya wa kowa ba. Da rani yana bin ƙauyuka yana sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya kai wa masu turarawa a Tudun Wada, kuma ba a taɓa cewa ya tauye mudu ba. Abu biyu ne kawai in an ce ya ba da kuɗi a kansu za ka ga fuskarsa ta canza: kuɗin mota da kuɗin wurin kwana. Ya ce Allah ya ba shi ƙafa kyauta, ƙasa ma ga ta a shimfiɗe kyauta, me zai saya?

Shekarar da ya yi aure ya sayi garmar shanu a kasuwar Tudun Wada. Ɗan acaba ya faɗa masa kuɗin kaiwa, ya ce a bar shi. Ya naɗe gammo ya ɗora ƙarfen nan a ka, sai bayan magariba ya shigo gida. Kwana uku matarsa Khadija tana gasa masa wuya da ruwan zafi, ba ya iya waiwaye sai ya juyo gaba ɗaya. A hakan yake ce mata ai ya tsira da kuɗin gishiri da omo.

To irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi ke nan a kan maganar idon Innarmu.

Cutar yana ce ta rufe mata ido. Ta fara da na hagu, ta koma na dama, shekara uku ba ta ganin komai sai haske da duhu. Matar da ba ta san zama ba, ta koma zaman tabarma tun safe har yamma. Ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, kun san mu da kunya, amma kana ganinta ka san tana ƙarewa. An yi tozali, an yi hayaƙi, an yi rubutu, shiru.

Cikin damina sai aka yi sanarwa a rediyo cewa wasu likitoci sun zo wani asibiti a Kano suna aikin ido kyauta na kwana biyar, wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyi. Sabi'u ne ya fara ji, shi ya bugo min waya. Wannan kam na ba shi. Ranar Juma'a na fito daga Doguwa da sassafe, na same su a tashar Tudun Wada, muka kama hanya. Muka yi layi tun hantsi, sai bayan la'asar aka zo kan Inna. Likita ya haska ya ce idon dama zai yiwu. Wata nas mai suna Bushra ta ba mu takarda ta yi mana bayani dalla-dalla.

"Gobe ƙarfe takwas ake kiran suna. Wanda aka kira ba ya nan, an ba wani gurbinsa. Kuma gobe ce ranar ƙarshe, jibi likitocin za su duba waɗanda aka yi wa su tafi. Mama ta yi wanka da safe, ta wanke fuska da sabulu, ban da tozali. Ta sami barci sosai, don in jininta ya hau ba za a taɓa ta ba."

Ke nan sai mun kwana. Ba mu da kowa a Kano, kawunmu ɗaya da yake can ya rasu, iyalansa sun koma gida. Wasu sun shimfiɗa tabarmi a harabar asibitin, amma ga hadari ya haɗo, ga sauro, ga Inna tana tari. Daidai ƙofar asibitin, tsallaken titi kawai, akwai wani ɗan otal mai bene ɗaya. Na ja Sabi'u muka je muka tambaya. Aka ce ɗaki mai gado biyu dubu ashirin.

Sabi'u ya ce, "Na wata ne?"

Mai karɓar baƙi ya ce na kwana ɗaya ne.

Ya jawo ni waje ya ce, "Adda, rabin buhun taki fa ke nan. A kwanta a kansa a tashi, shi ke nan ya tafi."

Na ce, "Ni zan ba da rabi."

"Ba maganar wanda zai bayar ba ce. Ɓarna ɓarna ce, ko wa ya yi ta."

"Sabi'u, ba gado za mu saya ba. Kusa za mu saya. Ka ga ƙofar asibitin, ka ga ƙofar ɗakin."

Bai ko saurare ni ba, ya riga ya kira Gwadabe, direban da yake ɗaukar masa shinkafa. Gwadabe ya ce akwai masaukin da su direbobi suke kwana can wajen gari, dubu shida, kuma akwai ɗakin da mata za su iya shiga.

Na ce, "Da nisa?"

Ya ce, "Nan ne."

"Nan ɗinka ko nan ɗin mutane?"

Muka koma wajen Inna muna wannan ja-in-ja. Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari, sai dai ta ce ke. Ta saurare mu ta gama, ta ce, "Ke, bar Auta. Barci ai barci ne. Makaho ina ruwansa da kyan ɗaki?"

Biyu sun haɗu a kaina. Don ya rufe min baki gaba ɗaya, sai ya ce zai auna min wurin in gani. Ya sa mu a adaidaita ni da Inna, ya biya yana ɓata rai, shi kuma ya biyo mu a ƙafa yana duba agogon waya. Muna zaune a bakin masaukin ya iso, ko haki ba ya yi.

"Awa ɗaya da minti goma a ƙafa. A adaidaita kuwa ke kin gani da idonki, minti ashirin da biyar. Mu fito ƙarfe bakwai, bakwai da rabi muna ƙofar asibiti. Ki haɗa kuɗin ɗaki da na adaidaita zuwa da komawa, ki ga abin da ya rage mana."

Tsakani da Allah, a baki lissafin ya fita. Na yarda. Wannan yardar tawa ma har yau haushinta nake ji.

Masaukin a bayan garejin manyan motoci yake. Katifa ɗaya ce a ƙasa, fanka tana nan a sama amma ado ce, banɗaki kuma a waje. Na kwantar da Inna a katifa na shimfiɗa zanena a gefe. Sabi'u ya sami benci a cikin direbobi, ina jiyo dariyarsa, ya sami 'yan uwa.

Da aka yi sallar asuba na ce mu tafi yanzu, mu je mu zauna a can. Ya ce nas ta ce sai an yi wanka, kuma gaskiyarsa ne. Sai dai babu ruwa. Famfon wurin ya daɗe da mutuwa, 'yan garuwa ne suke kawowa, ɗan abin da ya kwana a duro kuma direbobi sun yi alwala da shi. Sabi'u ya ɗauki bokiti ya tafi neman rijiya, ya ce nan ne. Sai shida da rabi ya dawo. Muka kai wa mai shayin bakin gareji ya ɗumama mana, saboda tarin Inna. Wankan tsohuwar da ba ta gani kuma ba a yi masa gaggawa. Muka fito bakin titi bakwai ta ɗan gota.

Titin da jiya sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka, yau ko keke babu. Fayau, har ƙarshensa kana hangowa. Sai mutane jefi-jefi da tsintsiya da shebur suna yashe kwata. Na ce a raina ko wani abu ya faru an sa dokar hana fita. Na koma wajen mai shayin na tambaye shi.

Ya ce, "Au, baƙi ne ku ko? Yau ai Asabar ɗin ƙarshen wata ce, Hajiya. Tsaftar muhalli. Babu abin hawa sai ƙarfe goma."

"Kana dafa mana ruwa, ka ji muna maganar asibiti, ba ka faɗa mana ba?"

"To wa ya san akwai wanda bai sani ba?"

Akwai mana. Ga mu nan mu uku. A Burumburum Asabar Asabar ce, ko ta farkon wata ko ta ƙarshe. Mu kullum muke share tsakar gidanmu, ba sai an tsayar da motoci ba. Gwadabe da ya turo mu wurin ya sani sarai, amma shi ma bai ga abin faɗa a ciki ba. Da a tsallaken asibiti muka kwana, wannan doka taimakonmu ma za ta yi, mu tsallaka da tsohuwa ba mota ba mashin.

Akwai wani mai adaidaita yana wanke mashin ɗinsa a ƙofar gida. Sabi'u ya je ya roƙe shi, ya ce zai ninka masa kuɗin sau uku. Ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba tunda aka haife shi. Mutumin ya ce ko nawa za a ba shi bai kai tarar da za a ci shi ba, mashin ɗin kuma ba nasa ba ne. Na nuna masa takardar asibiti. Ya ce, "Takardar ai taku ce. In na sauke ku, ni da wace takarda zan dawo?"

Muka kama tafiya a ƙasa, ina riƙe da hannun Inna. Ta yi ƙoƙari, amma ba mu wuce kwanar titi ta biyu ba numfashinta ya fara fita da ƙyar. Wani mai kirki da yake kwashe shara ya ce ga baronsa, a wanke a sa ta. Inna ta ce, "Ranar kwashe shara za ku sa ni a baro? Salon ma'aikata su haɗa da ni?"

Sai Sabi'u ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, hau."

"Ɗan da na haifa? A titi?"

"Ke kin goye ni shekara biyu. Wannan awa ɗaya ce."

Na ce a raina, ni na yi rabin goyon nan, ba wanda ya ce in hau. Na cire mayafina na ɗaure ta a bayansa kamar jaririya, ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da ɗankwali don kunya. Ya miƙe ya saki irin tafiyar nan tasu ta makiyaya, ba gudu ba ce amma ba ka isa ka kamo shi ba. Ni ina baya da jaka da fulas, ina tafe ina haki ina zaginsa a zuci. Silifas ɗina ya tsinke, na cire na riƙe a hannu. Duk inda muka wuce sai a tsaya da shara a bi mu da kallo, wasu na cewa Allah ya ba da lafiya, wasu na cewa Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Albarka kuma. Ba su san shi ya jawo ba.

A wani shinge jami'an tsafta suka tare mu. Babbansu ya duba takardar, ya dubi Inna, ya ce a buɗe mana. Ya ce, "Ai da kun kwana kusa da asibitin."

Na ce, "Faɗa masa, ranka ya daɗe. Ni bakina ya gaji."

Tara saura minti goma muka shiga asibitin. Nas Bushra tana ganinmu ta ce, "Ina kuka shiga? Sau uku na kira sunanta." An ba wani tsoho daga Kiru gurbin, har an shiga da shi. Ta dubi Inna tana rawar jiki, ta zaunar da ita ta ɗaura mata abin awon jini. Ta girgiza kai.

"Ko da gurbin yana nan, da wannan jinin babu likitan da zai taɓa ta." Ta ba ta ƙwayar magani ta sha. "Ku kwantar da ita wuri mai shiru, mai sanyi. Sha biyu ku dawo. In ya sauka zan sa ta a ƙarshen layi, in kayan aiki ba su ƙare ba. In bai sauka ba, sai dai ku yi haƙuri."

Inna ta ce a hankali, "Ba komai. Haka Allah ya so. Ku mai da ni gida."

Yadda ta faɗi maganar nan, da ta yi kuka ma da ya fi min sauƙi.

Na dubi harabar asibitin. Mutum a kan mutum, yara na kuka, janareta na ruri, rana ta buɗe bayan ruwan da aka yi, ƙasa na turiri. Ko inda za a shimfiɗa ɗankwali babu. Na dubi Sabi'u, na dubi tsallaken titi. Ya goge zufa ya tsallaka, na bi shi a baya don na san hali. Ai kuwa ina shiga na ji yana cewa, "Rabin yini fa, nawa ne?"

Mai karɓar baƙi ya ce, "Malam, ɗaki ɗaki ne, ko minti biyar za ka yi."

Ya zaro kuɗin daga aljihun cikin wando ya miƙa, fuskarsa kamar mai sayar da saniyar gado.

Muka kwantar da Inna a gado mai laushi, fanka na juyawa, aka ja labule. Ba ta yi minti goma ba barci ya ɗauke ta. Sabi'u ya zauna a ƙasa bakin ƙofa da carbi, rigarsa sharkaf, ƙafafunsa duk taɓo. Na so in ƙyale shi, na kasa. Na matsa kusa na ce ƙasa-ƙasa, "Malam mai lissafi, dubu shida da dubu ashirin nawa ke nan?"

"Adda, ki bari a gama tukuna."

"Ka sa har da silifas ɗina."

Ya ja carbi kamar uku, ya ce, "Da ba Asabar ɗin ƙarshen wata ba ce, da lissafina ya fita daidai."

Kun ji fa. Uwarsa tana kwance ba a san ko za ta sake ganin duniya ba, shi lissafinsa yake karewa. Amma na haɗiye sauran, na bar shi da carbinsa.

Sha biyu saura muka tashe ta. Daga gadon zuwa teburin nas, da tafiyar Inna, minti huɗu. Aka ɗaura awo. Ni ban iya kallo ba, ƙasa na zuba wa ido. Nas Bushra ta ce, "Ya sauka. Ku zauna a can, kada ku motsa ko nan da ƙofa." Muka zauna har wajen ƙarfe uku, ana shiga ana fita, duk wanda ya fito da kwali a hannu sai in ce kayan ne suka ƙare. Inna ce ta biyun ƙarshe. Ba a daɗe ba aka fito da ita da bandeji a ido, aka ce gobe takwas a dawo a buɗe.

Wannan karon ba wanda ya yi maganar masaukin direbobi. Sabi'u kuwa wanka uku ya yi kafin gari ya waye, wai ai an riga an biya kuɗin ruwan. Guntun sabulun ma aljihu ya sa.

Lahadi da safe mu ne na farko a layi. Nas Bushra ta ɓare bandejin a hankali, ta goge idon da auduga, ta ɗaga yatsu ta ce, "Mama, nawa ne nan?"

Inna ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta ce, "Uku."

Na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala. Sabi'u ya juya ya fuskanci bango. Inna ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ta daɗe, ina jira in ji abin da za ta fara faɗa bayan shekara uku. Sai ta sunkuya ta dubi jikinta, ta jawo bakin ɗankwalinta ta duba.

"Ke, wa ya haɗa min wannan zanen da wannan ɗankwalin?"

"Ni ce, Inna."

"Kore da ja. A haka kika kawo ni birni? A haka aka goyo ni a titi kowa yana kallo?"

Ina dariya ina kuka ina ba ta haƙuri. Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Aka ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa, muka hau mota. Ta ce a ba ta bakin taga. Tun daga Kano har Tudun Wada ba ta rufe baki ba, wannan masarar ta yi kyau, waccan ba ta sha taki ba, wancan ginin yaushe aka yi shi. Da muka kusa gida ta sa direba ya rage gudu, ta nuna wata gona a gefen hanya.

"Gonar wane rago ce wannan, ciyawa ta kusa kai masara?"

Sabi'u ya ce, "Tawa ce, Inna. Kwana uku ba na nan."

Ta ɗaga tabarau ta sake dubawa da kyau.

"Auta, ciyawar nan ta fi kwana uku."